Kular Mama a Ƙasar da Ke Saman Jeri

Ƙanena Yohanna ne ya fara nuna mini jerin nan, a shagonsa na gyaran waya da ke unguwar Television a Kaduna. Wai wasu masu bincike ne suke jera ƙasashen duniya duk shekara, daga wadda ta fi zaman lafiya zuwa wadda ta fi tashin hankali. Ƙasar da na samu aiki tana can sama, cikin na farko-farko. Da na ce ya nemo mini Nijeriya, sai ya yi ta murza allon wayar da babban yatsa, yana murzawa yana dariya, har na tambaye shi ko dai mantawa aka yi da mu.

"An sa mu mana, Yaya. Ga mu nan can ƙasa-ƙasa. Abeg ki tafi kawai. In kin zauna da gindinki, ki zo ki ɗauke Alheri."

Alheri 'yata ce, shekararta tara a lokacin, mahaifinta ya rasu tun tana goye. Saboda ita na nemi aikin. Takardar aikin ta ce zan yi wata shida na gwaji. In na gama lafiya a tabbatar da ni, sai an tabbatar da ni kuma zan iya neman a ba ni izinin kawo ta. Na bar ta a gidanmu na Kakuri, wajen Baba da matar Yohanna. Ba zan ba da labarin rabuwarmu ba. Abin da kawai zan faɗa shi ne, Baba ya matsa sai na tafi da kular marigayiya Mama, wata shuɗiyar kular abinci mai tsagaggen murfi, ya kuma cika ta da acca. Na ce masa nauyi za ta ƙara mini. Ya ce, "Rifkatu, mace ba ta zama a gari ba ta da abin kai wa mutane abinci."

Zangona na farko babban birninsu ne. Dillalin da ya shirya mini takardu a Kaduna ya rantse cewa a asibiti zan yi aiki, kuma wani yana jirana a filin jirgi riƙe da kwali mai sunana. Na karanta duk kwalayen da ke wurin, har na wasu na haddace, babu nawa. Lambar da ya ba ni ba ta shiga. Na zauna a kan akwatina kusan awa huɗu, ina murmushi ga duk wanda ya dube ni, don kada a gane a ɓace nake. Wata mai shara 'yar Eritiriya ce ta lura da ni. Ta karanta takardata, ta kai ni har bakin jirgin ƙasa, ta nuna mini sunan garin da zan sauka. Da ta ga yadda yatsuna suka ƙame, ta cire safar hannunta ta sa mini. Ko sunanta ban samu na tambaya ba, ƙofar jirgin ta rufe.

Zango na biyu shi ne garin aikin, wani ɗan gari a bakin teku. A nan na gane cewa babu wani asibiti. Kamfanin kula da tsofaffi ne, ana bin su gida-gida, a yi musu wanka, a ba su magani, a gyara shimfiɗa. Ɗakin da aka ba ni a ƙarƙashin ƙasa yake, tagarsa daidai da ƙafafun masu wucewa. A makon farko na san mutanen unguwar da takalmansu kafin in san fuskokinsu. Na yi fushi da dillalin nan sosai, na rubuta masa saƙo mai zafi, na kuma goge. Aikin na gaskiya ne, takardun ma na gaskiya ne, kuma Alheri ba ruwanta da ko asibiti ne ko gida.

Maganar zaman lafiya kuwa, ba zan yi musu ƙarya ba, suna da shi. Na ga mace ta ajiye jariri a kekensa a ƙofar shago, ta shiga ta yi sayayyarta. Na tsaya ina gadinsa ba wanda ya sa ni, har ta fito tana kallona da mamaki. Na taɓa manta jakata a bas, washegari na same ta da komai a ciki. Babu shinge a hanya, babu mai leƙo kai ta tagar mota ya ce daga ina zuwa ina. Da hunturu rana kan faɗi tun kafin la'asar, ina tafe ni kaɗai a bakin teku, sai wata rana na lura na daina waiwaye. Na tsaya cak. Ashe tun ina yarinya nake waiwaye ban sani ba. Ranar na yi kuka, don na tuna Alheri ma ta fara koyon waiwayen.

Sai dai shirun ƙasar ya fi sanyinta damuna. Ka shiga bas cike da mutane, ba ka jin komai sai ƙarar taya. Na ce wa maƙwabcina na sama ina kwana da harshensu, ya gyaɗa kai kamar na taka masa ƙafa. Ran Lahadi cocin nasu ƙato ne, mu goma sha wani abu a ciki, ana tashi kowa ya kama gabansa. Sai in tuna Kakuri da safe: mai ƙosai, masu keke suna kiran fasinjan Gonin Gora, Baba a kan bencinsa yana gaisawa da duk wanda ya gitta, har da wanda ba sa shiri.

Gaisuwar nan ce ta fara jawo mini matsala. Wayar aiki ce take ƙirga mana lokaci, ka danna in ka shiga gida, ka danna in ka fita. Ni kuwa ban iya shiga ɗakin tsohuwa in hau cire mata riga ba tare da na tambaye ta kwana da gajiya da sanyi da labarin 'ya'yanta ba. Kafin in kai gida na biyar na makara. Shugabarmu, Madam Ingrid, ta kira ni ofis. Mace ce mai kirki, ba ta ɗaga murya, amma maganarta ba ta da kwana.

"Rifkatu, tsofaffin suna son ki. Amma wanda ke gida na biyar yana jiran maganinsa a kan lokaci. Wannan gargaɗi ne a rubuce. In aka yi na biyu a cikin watannin gwaji, ba ni da ikon tabbatar da ke."

Na ce na gode. Daga ranar na koyi yin gaisuwa hannuna yana aiki.

A cikin gidajen da nake zuwa akwai na wani tsoho mai suna Olaf, wanda ya yi rayuwarsa yana tuƙa jirgin fito. Matarsa Marit ce ba ta da lafiya, ta shekara uku a kwance. Shi yake zama a gefe yana riƙe da tawul in ina yi mata wanka, yana gaya mata labarin yanayin teku ko da ba ta amsawa. Ranar farko ya ce in kira shi Olaf kawai. Na gwada, bakina ya ƙi. Mutum ya girmi mahaifina, in kama sunansa gatsau? Na ce masa a wurinmu sai dai Baba Olaf. Ya tambayi ma'anar, na gaya masa, ya ce to, ya karɓa.

Shi ne ya sake tayar mini da maganar jerin. Wata safiya ina gyara wa Marit matashi, ya ce ya duba ƙasarmu a kwamfutarsa, ya ga inda aka ajiye ta.

"Gaskiya ne abin da suka rubuta?"

Na so in ce ƙarya ce, don ba daɗi a ce gidanku ne a ƙasa. Amma na ce masa gaskiya ne. Na gaya masa garinmu kogi ne ya raba shi biyu, akwai lokutan da mutum yake tunani sau biyu kafin ya ƙetare gada. Na gaya masa akwai shekarun da in ɗan'uwanka ya kama hanyar Abuja, ba ka ajiye waya sai ya ce ya sauka.

"To, ashe jerin ya yi adalci," in ji shi.

"Abin da suka ƙirga, sun ƙirga daidai, Baba. Ban dai san ko sun ƙirga komai ba."

Ya ce kamar me? Wayata ta yi ƙara, lokacina ya cika. Na ce masa sai wani jiƙon.

Ina cikin wata na biyar Marit ta rasu. Ba wanda ya gaya mini. Da safe na buɗe wayar aiki, na ga an cire gidansu daga cikin gidajen ranar, an rubuta an soke ziyara. Sai da na tambayi Madam Ingrid ta ce ai jiya ta cika. Na ce yaushe ake zuwa gaisuwa? Ta ce jana'iza sai bayan mako biyu, kuma iyali ne kawai. In ina so, in sa hannu a katin da ofis zai aika.

Da yamma na kira gida, na ba Baba labari.

"Allah ya ji ƙanta. Kin je gaisuwa?"

"Baba, ba a yi a nan."

"Ba a yi kamar yaya? Mutum ya rasa matar da suka tsufa tare, ke kika riƙa yi mata wanka, ki ce ba a yi? To wa ke zaune da shi?"

Na ce ban sani ba. Sai ya ce, "Kin manta ranar Mamanki ke nan."

Ban manta ba. Lokacin da Mama ta rasu gari ba ya cikin natsuwa, ana ta jita-jita, shaguna suna rufewa da wuri. Duk da haka kafin azahar an kafa rumfa a layinmu, kujerun roba sun cika, matan zumunta na cocinmu sun karɓe madafa, ba mu ɗora tukunya da hannunmu ba har kwana bakwai. Alhaji Sani, wanda suka yi aikin masaƙa tare da Baba shekara da shekaru, ya ƙetaro gada da ƙafa saboda masu keke sun ƙi zuwa. Ya zauna a gefen Baba tun safe har yamma. Ban ji sun yi magana ta kirki ba, zaman kawai ya yi.

Ran Asabar ba ni da aiki. Na ɗebi sauran accar da Baba ya ba ni, na yi fate da alayyafonsu da ɗan kifi, mai ruwa-ruwa yadda tsoho zai iya sha. Na zuba a kular Mama, na hau bas. Na san akwai dokar da ta hana mu zuwa gidan wanda muke kula da shi in ba a bakin aiki ba. Na karanta ta, na sa hannu. Amma a kaina wannan ba ziyara ba ce, gaisuwar mutuwa ce, ban taɓa tunanin doka za ta shafe ta ba.

Da na isa na ɗauka na ɓata gida. Babu mota ko ɗaya a ƙofa, babu takalmin kowa. Ya buɗe mini sanye da rigar da na bar shi da ita ran Laraba. A kan tebur kofi ɗaya ne, ga gadon Marit an naɗe katifar.

"Rifkatu? Ai an soke ziyarar."

"Na sani, Baba. Gaisuwa na zo. Ya haƙuri?"

"Me za ki yi?"

"Zama zan yi."

Ya dube ni kamar bai gane ba, amma ya matsa na shiga. Na zuba masa faten, ya sha cokali biyu don kunya, sai kuma ya shanye kwanon. Na zauna a kujerar da ke kusa da taga. Mun fi awa ba wanda ya ce uffan. Can ya fara ba ni labarin ranar da ya fara ganin Marit a jirginsa, tana amai saboda igiyar ruwa, tana zaginsa wai bai iya tuƙi ba. Ya yi dariya, dariyar ta koma kuka, na bar shi ya yi abinsa. Da zan tafi ya ce zai wanke kular in tafi da ita. Na ce ya bar ta, akwai saura, kuma cikin wasa na ƙara da cewa a wurinmu ba a mayar wa mutum kwanonsa babu komai a ciki.

Na koma ran Lahadi bayan coci. Na koma ran Litinin bayan na tashi aiki, don a cika kwana uku. Ina madafa ina ɗumama masa shayi sai ga ɗansa ya shigo, ya taso daga babban birni. Ya ga baƙuwar mace baƙar fata a madafar mahaifinsa, babu rigar aiki, tana buɗe kabad kamar gidansu. Bai yi ihu ba, su ba sa ihu. Ya tambayi sunana da sunan kamfaninmu, ya rubuta a waya, ya ce in tafi. Baba Olaf yana ta yi masa bayani da harshensu, shi kuwa ƙofa kawai ya riƙe mini. Na fita ko kular ban ɗauka ba.

A bas ne abin ya sauko mini. Gargaɗi na biyu. Saura mako biyar in gama gwaji, na riga na gaya wa Alheri ta fara koyon gaisuwarsu, har Yohanna ya saya mata rigar sanyi a gwanjo. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba ko a kan hanyar Abuja, kuma a ƙasar da ke saman jeri.

Kwana biyu bayan haka Madam Ingrid ta kira ni. Takardar ƙorafin tana gabanta. Ta ce in faɗi abin da ya kai ni. Na faɗa mata duka, har da rumfa da kujerun roba da Alhaji Sani. Ta saurara har na gama.

"Na yarda da ke," in ji ta. "Amma ki san dalilin dokar. An taɓa samun masu aiki irin namu da suka shiga jikin tsofaffin da ba su da kowa, suka raba su da abin hannunsu. Ɗansa bai san ki ba. Dokar nan ce take sa mutum ya bar mahaifinsa a hannun baƙo ya tafi hankali kwance."

Ita ma gaskiyarta ce. Zaman lafiyar da ya sa na daina waiwaye, da irin waɗannan dokokin aka gina shi.

Ta ce Baba Olaf ya zo ofis da kansa jiya, da sandarsa, ya ƙi tafiya sai da aka rubuta nasa bayanin. Saboda haka ba za ta rubuta gargaɗi na biyu ba. Amma za a ƙara mini wata uku na gwaji, kuma ba ni ba gidansa, ko da aiki ko ba aiki.

Na tsira, amma wata ukun nan sun yi mini ciwo, don sun cinye Kirsimetin da na yi wa Alheri alkawari. Da na gaya mata ba ta yi kuka ba, ta ce "To, Mama," ta miƙa wa Baba wayar. Gara ma a ce ta yi kukan. Baba ya ce, "Ni na tura ki. Ki yi haƙuri, Rifkatu." Ban taɓa jin ya ba wani cikin 'ya'yansa haƙuri ba sai ranar. Ya ɗan nisa ya ƙara da cewa, "Amma ko gobe aka sake, abin da zan ce miki ke nan."

Bayan kamar mako uku, da safe ina tsaye a tashar bas, dusar ƙanƙara tana sauka, na hango wani tsoho yana takowa a hankali, sanda a hannu ɗaya, wani shuɗin abu a ɗayan. Na fara duba ko wani yana kallonmu.

"Kada ki damu," in ji Baba Olaf. "Na tambayi Ingrid. Ta ce tashar bas ba gidana ba ne."

Ya miƙo mini kular. Da nauyinta. Na ɗaga murfin, tururi ya bugi fuskata, miyar kifi ce irin tasu, fara, da dankali. Ya ce Marit ce ta koya masa, rabonsa da dafawa tun kafin ta kwanta. Ya ce ya kuma gaya wa ɗansa cewa in ya mutu, yana so a zo a zauna, ko mutum biyu ne.

"Ranar nan kin ce wataƙila ba komai suka ƙirga ba," ya ce. "Na gane abin da kike nufi."

Bas ta iso. Na shiga rungume da kula, na zauna cikin mutanen nan masu shiru, ƙamshin kifi ya cika motar, ba wanda ya ce komai. Tun daga ranar, duk Talata yakan fito tashar mu gaisa, minti uku ko huɗu kafin bas ta zo.

An tabbatar da ni da bazara. Yanzu haka a Kakuri nake wannan rubutu, na zo ɗaukar Alheri, jibi za mu tashi. Jiya Yohanna ya zo da wayarsa, wai sabon jeri ya fito, har yanzu sai an murza kafin a same mu. Maƙwabta suka taru suna musu, wasu na cewa Turawa ne suka rubuta abinsu don su ɓata mu, wasu na cewa ai ma an yi mana sassauci. Suka ce ni da na ga biyun in raba gardama. Na ce musu 'yata zan kai can, wannan ya isa amsa. Amma ranar da zan mutu, ina roƙon Allah ya sa a layin nan ne.

Baba bai sa baki ba. Yana kan bencinsa da kular Mama a tsakanin ƙafafunsa, yana zuba acca da gwangwani, yana dannawa da tafin hannu don ta ƙara ɗauka. Na ce masa nauyi za ta yi mana. Bai ko ɗago ba.

"Mutumin nan da ya rasa matarsa," ya ce, "ki dafa masa. Ki ce Dauda na Kakuri yana yi masa gaisuwa. Ki ce da kusa ne, da na zo na zauna."

Ya rufe murfin, ya miƙa wa Alheri, ya ce ita za ta riƙe.